Giyabos ɗin Sienna ya mutu: a haɗa biyu a fitar da ɗaya ko a sayi tokumbo?

Wani ɗan uwa daga kasuwar Mile 12 ta Legas ne ya turo min wannan tambayar, ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Albasa da tattasai nake sayarwa, ina da Sienna ƙirar 2005 da nake kai wa masu gidajen abinci kaya a Ikeja da Yaba, wani lokacin har Lekki. Wata biyu kenan giya tana santsi, ka taka totur inji na ihu mota ba ta ja, yanzu kam in ta ɗau zafi sai ta ƙi shiga ta uku. An ce min tokumbo dubu 650 a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, ɗaurawa dubu 60. Bakanikena kuma ya ce akwai wani mataccen giyabos irin nawa da za a bar mana dubu 200, shi zai haɗa biyun ya fitar da ɗaya mai kyau, kuɗin aikinsa dubu 120. Kullum motar na zaune ina biyan hayar wata motar dubu 25. Wanne zan yi? Jarin nawa ba shi da yawa."

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Toh ni dai abu na farko da zan ce maka, kar ka ba da ko sisi a kan wancan mataccen giyabos ɗin tukuna. Ba wai haɗin ba ya yiwuwa ba ne, yana yiwuwa sarai, ana yi kullum a Legas, amma yadda aka kawo maka maganar an fara ne daga ƙarshe, ana so ka sayi magani tun ba a ga ciwon ba.

Bari mu fara da lissafin tunda shi ne ya dame ka. A ido, haɗi dubu 320 ne, tokumbo da ɗaurawa dubu 710, kaga tazarar dubu 390, ko ni ne zuciyata za ta karkata can. Amma bakaniken bai faɗa maka komai ba. A cikin giyabos na otomatik kaya iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, wato haƙoran giya da ganguna da shaf da fanfon mai da gidan kansa, waɗannan su ake iya cirowa daga wani a sa a wani in lafiyarsu lau. Sannan akwai masu cinyewa, farantan kuloci da bakanikai ke ce wa faiba, da robobi da gaskit da filta, su kuma waɗannan sabbi ake sawa, ba a aron su. Motarka ta kai shekara ashirin, wancan mataccen shi ma sa'anta ne, robobin cikinsa sun bushe kamar na cikin naka. Duk bakaniken da ya ce zai tsinci faiba masu ɗan dama-dama a can ya zuba maka a nan, wallahi gyaran gangar Auzinawa zai yi maka. Don haka sai ka ƙara kuɗin sabon kit, wato saitin sabbin faiba da robobi da gaskit, a lissafin haɗi, ka je ka tambayi farashinsa na yau da bakinka don tun da aka saki naira a 2023 kayan gyaran da ake shigowa da su ba sa kwana a farashi ɗaya, amma mu ce misali dubu 150.

Sai kwanaki. Ɗaura tokumbo aikin kwana biyu ne in ba a samu matsala ba. Haɗi kuwa sai an sauke, an farke biyu, an wanke, an je kasuwa an dawo an ga ba shi ba ne an sake komawa, ga bakanike ba kai kaɗai gare shi ba, in ka samu a kwana goma ka gode Allah. Kwana goma a dubu 25 dubu 250 kenan, kwana biyu kuma dubu 50. Haɗa ka gani: haɗi ya tashi dubu 720, tokumbo dubu 760. Ina dubu 390 ɗin ta tafi? Ta koma dubu 40. Man giya ban sa shi ba don ko wanne ka ɗauka sai ka saye shi.

To amma kar ka ce na ce ka ruga Ladipo. Tokumbon ma ba sabo ba ne, daga jikin motar da ta gama yawonta a Amurka ko Kanada aka yanko shi, babu wanda ya san abin da ke cikinsa har mai sayarwan, cinikin biri a sama ne shi ma, sai dai ana dacewa sau da yawa. Giyabos ɗin da ƙwararre ya farke ya zuba masa sabbin faiba da robobi ya auna komai, a wurina ya fi tokumbon da ba a buɗe ba. Matsalar ita ce ƙwararren. Ba duk wanda ya iya sauke giya ne ya iya cikinta ba, sana'a ce daban, akwai masu giya zalla ba sa taɓa komai sai ita.

Abin da zan yi da ni ne kai, zan fara kai motar a sa mata kwamfuta, kuɗi kaɗan ne. Wani lokacin duk wannan hayaniyar silinoyid ɗaya ne, wato ɗan makunnin lantarki mai buɗe wa man giya hanya, ya mutu ko waya ta ci ko sensa, abin da ake gyarawa ba tare da an sauke giyabos ba. Daga nan ka zaro sandar gwajin man giya ka ɗiga a farar takarda ka shinshina. Ja mai haske, alhamdulillah. Baƙi mai ƙaurin ƙonannen tuwo, faiba sun ƙone. In kuwa ka ga ya yi kalar kunun gyaɗa mai ɗan ja-ja to ruwa ya shiga, ko ta lagireto ko ka keta ambaliya da damina, mu da muka san hanyar Lekki in an yi ruwan Yuli ba sai an faɗa mana ba, shi kuma ruwa saki yake sa fatar faiba ta yi daga jikin ƙarfenta. Sai a kwance tiren man da ke ƙasan giyabos ɗin a gabanka, ka tsaya a wurin, kar ka aika yaro. Akwai maganaɗisu a cikin tiren, in ka shafa ka ji toka-toka mai laushi kamar kwalli wannan tsufa ne kawai, in kuwa ɓarɓashin ƙarfe ka gani yana walƙiya ka murza ka ji yana sukar yatsa, to wani ƙarfe ya ci kansa a ciki kuma garinsa ya zaga ko'ina.

A nan hanya take rabuwa. In faiba ne kawai suka ƙone ƙarafa lafiya, ba ka buƙatar mataccen nan sam, kit kawai da aiki, dubu 200 ɗinka ta zauna a aljihu ta sayi buhunan albasa. In ƙarfe ɗaya ne ya fashe, a ce ganga ɗaya ko fanfo, to a nemo shi shi kaɗai, a Ladipo akwai masu farke giyabos suna sayar da cikinsa ɗai-ɗai, ga kuma Owode Onirin nan kusa da ku a hanyar Ikorodu. Sayen mataccen gaba ɗaya sai in ƙarafa da yawa ne suka tafi. In kuma tire ya cika da ƙarfe, ni dai ba zan ɓata kuɗi a kansa ba, tokumbo zan nema.

In har ta kai ga sayen mataccen, tambaya ɗaya ce babba: me ya kashe shi? Giyabos iri ɗaya yawanci wuri ɗaya suke ciwo, kana iya biyan dubu 200 a buɗe a tarar abin da ya fashe a naka shi ne ya fashe a nasa, shikenan ka sayi gwangwan da tsada. A farke shi a gabanka kafin ka biya, in mai shi ya ƙi to ka san akwai lauje cikin naɗi. Sannan ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar, akwai inda aka rubuta A/TM, lambar giyarka ce a gabansa. Sienna ta 2004 zuwa 2006 mai jan gaba U151E take ɗauka, mai jan ƙafa huɗu kuma U151F, ita kuwa tsohuwar Sienna ta kafin 2004 giyarta daban ce gaba ɗaya, mai hawa huɗu ce taka mai biyar. Wannan U151E ɗin akwai shi a wasu Camry masu silinda shida da Highlander da Lexus, 'yan baranda za su rantse maka duk ɗaya ne, amma ana samun bambanci a soket ɗin waya da wasu haƙoran, sai a jera kayan biyu a kan tebur a ƙirga haƙora a auna, ba da ido ba.

Akwai abu biyu da su ne suka cinye ni, shi ya sa nake nanata su. Shekarun baya na yi irin wannan haɗin a wata Accord tawa, wani bakanike ya yi aikin, mota ta tashi lafiya kamar sabuwa har na ƙara masa na goro. Sati uku cur, da yamma a kan gadar Third Mainland cikin goslo, na taka ta ƙi motsi, ga 'yan danfo a baya suna ta hon da zagi, kuɗin janwe kaɗai ya isa bayani. Da aka sake buɗewa ashe tsohuwar konbata ya mayar, kuma bai wanke bututun da ke kai mai lagireto ba. Ita konbata, wannan dunƙulallen ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, a like take da walda, ba ta wankuwa ta baki, duk dattin da ya shige ta yana nan sai mai ya ɗau zafi ta amayo shi cikin sabon aikin. Haka bututun sanyaya mai. Ko haɗi ka yi ko tokumbo ka ɗaura sai an wanke layin nan tas, in kuma giyarka ƙarfe ta zubar ko ruwa ta sha to konbatar ta tafi, a nemo wata.

Man giya kuma kar a zuba maka kowane ja. A jikin sandar gwajin an rubuta irin wanda take sha, na wannan shekarar T-IV ne na Toyota, ka saya da kanka a wurin wanda ka yarda da shi don jabu ya yi yawa, a buɗe galan a gabanka. Ka kuma lura da teburin bakaniken. Mai aikin giya na gaske za ka ga faiba a jiƙe cikin mai kafin ya jera su, za ka ga yana auna tazara, yana gwada ganguna da iska, wurinsa a share. Wanda ya baje balb bodi, wato ɓangaren da ke rarraba man giya, a ƙasa kan kwali iska na kwaso yashi, ƙananan ƙwallayen ciki na gangarawa yaransa na tsinta, ɗauki motarka ka gudu.

Maganar biya kuma. Kar ka dunƙule kuɗi ka miƙa. Kuɗin saukewa da buɗewa daban, a yanke shi tun farko don ko ka fasa haɗin ka san abin da ka yi asara. Kaya kai za ka biya da rasit, ku je tare. Kuɗin aiki rabi kafin alƙalami, rabi sai ka yi sati biyu kana lodi da ita a hanyar da ka saba, goslon Ketu zuwa Ojota da rana tsaka shi ne jarrabawar, ba zagayen layi da safe mota na sanyi ba. A rubuta a takarda ko a WhatsApp cewa in ta dawo cikin wata uku shi zai sauke ya ɗaura kyauta, a gaban shaida ɗaya. In tokumbo ne, ka sa a rubuta kwanakin gwaji a rasit kuma su fara ƙirguwa daga ranar da aka ɗaura, ka ɗauki hoton alamar fentin da mai shagon ya yi a jiki don ita za a duba in ka mayar. Ragowar ƙarafan ma naka ne, ka faɗa tun da wuri, 'yan gwangwan za su saya a kilo, tsohon giyabos ɗinka kuma wasu masu shagon suna karɓa su rage maka farashi.

Sai maganar lodi Alhaji, ka yi haƙuri zan faɗa. Sienna motar iyali ce ta mutum bakwai ko takwas, buhu nawa na albasa kake danna mata? Nauyi da goslo su ke dafa man giya, in bayan gyara za ka ci gaba da cika ta har bayanta na jan ƙasa, to ka sa a ƙara mata ɗan ƙaramin lagireton man giya a gaba, ba tsada gare shi ba, ka kuma riƙa duba kalar man nan duk wata. Ka je a sa kwamfutar gobe a kwance tiren, ka turo min hoton maganaɗisun da lambar da ke jikin ƙofa, sai mu ga na ukun nan wanne ne naka.