Kalifar birki ta yi tsatsa: a gyara ko a sauya?

Damina ta wuce ta bar tsatsa a ƙarƙashin motoci, shi ya sa wasiƙun wannan makon kusan duk a kan birki suke. Na zaɓi waɗanda suka shafi kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki, wanda ke matse shi da fad, farantan da ke gogar faifan, idan an taka.

"Na sayi Camry tokumbo, takardunta sun nuna daga Kanada ta zo. Da aka cire tayoyi sai na ga kalifa huɗun sun yi jawur, tsatsa har ɓarewa take yi. Bakanikena ya ce a sauya su duka, alhali birkin yana ci lafiya." Daga mai Camry, Zariya.

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Motar da ta zauna a Ontario ko Michigan ko Ohio ta sha gishiri, domin a can idan ƙanƙara ta sauka gishiri ake watsa wa titi, shi ke cin ƙasan mota. Amma jikin kalifa zubin ƙarfe ne mai kauri, tsatsar waje muni ce kawai, buroshin waya ya ishe ta. Abin da ke kashe kalifa yana ciki: fistin, da fin biyu da take zamewa a kansu, da robobin da ke rufe su.

Ka tsaya a duba a gabanka. A ɗaga mota, a taka birki a saki, a juya taya da hannu, ya kamata ta juya ba gardama. A cire kalifa a ja kowane fin da yatsu biyu, ya shiga ya fita sumul. A haɗa fad na ciki da na waje, in ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, to wani abu ya ƙame. A ɗaga gefen robar ƙura da ke bakin fistin, in akwai jiƙa a ciki tana yoyo. Wadda ta tsallake waɗannan ba ta da laifi. Ni abin da ya fi damuna a motar gishiri shi ne siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki baya ta ƙasan mota. Su ne tsatsa ke hudawa ba sallama. Ka sa a bi su da fitila daga gaba har baya.

"Fistin ɗin kalifar gaba ya ƙame. Wani ya ce in sayi kit, wato sababbin robobin kalifa, a gyara, wani ya ce in je Ƙofar Ruwa in ɗauko 'yar Beljiyam a huta. Wanne ya fi?" Daga wani direban haya, Kano.

'Yar Beljiyam ma tsohuwa ce, ɗan'uwa, kuma ba ka san shekara nawa ta yi a kwance bakin tiyo a buɗe tana shan raɓa ba. Sau da yawa mutum ya sayo ta ya ɗaura, bayan wata biyu ya koma neman kit. In jikin taka bai tsage ba, zaren ƙusoshi bai lalace ba, gyara ya fi, amma gyaran gaske, ba a buga fistin da guduma a shafa giris a mayar ba.

Abu na farko, tun kalifa na jikin mota, a gwada kwance nonon fitar da iska. In zai karye gara ya karye yanzu, kafin a kashe kuɗi. Sannan a cire fad a dinga taka birki a hankali, man da kansa zai turo fistin har ya kusa fita. Wannan ya fi iskar kwamfuresa aminci. In dole sai da iska, a sa guntun katako a gaban fistin, a saki iska kaɗan-kaɗan, kada yatsa ya kusanci wurin, domin fitowa yake kamar harsashi.

Da fistin ya fito a goge shi da tsumma da man birki mai tsabta a kalle shi a rana. Rufin kurom ne a jikinsa, kuma a kan wannan santsin robar ciki take riƙe mai. Dauɗar da ta gogu ba komai. Ramin da farce ya tsaya a ciki, ko rufin da ya fara ɓarewa, fistin ya gama aiki, a sayi sabo. Samfefa ba ta cike rami, ƙara cinye rufin take yi, sabuwar roba ta hau ta yage. A tafi kasuwa da tsohon a auna faɗinsa da tsawonsa, "kusan ɗaya ne" ba magana ba ce a nan.

A zaro tsohuwar roba da tsinken itace, ban da sukudireba. Wurin da aiki yake shi ne kwarmin da robar ke zama, da ɗan gefen da ke tsakaninsa da robar ƙura. Nan tsatsa ke taruwa ta tura roba ta shaƙe fistin. A kankare shi tas har ƙarfe ya fito. Cikin ramin kuwa, samfefa mai laushi lamba 600 ko sama da haka ta isa. In tsatsar waje ta yi yawa, a jiƙa jikin, bayan an cire duk robobi, a ruwan binega ya kwana, a goge, a ɗauraye, a busar nan take. Wankin ƙarshe da feshin wanke birki ko sifirit. A jiƙa sabuwar roba da fistin da man birki, a sa robar ƙura, a tura fistin a miƙe da manyan yatsu biyu. In sai da guduma zai shiga, an bar tsatsa ko robar ba tasa ba ce.

Kada a manta da barakitin da fad ke zama. Tsatsa kan kumbura a ƙarƙashin siraran faranti ta matse fad. A cire farantan a goge ƙasansu da fayil, ba a kai kunnen fad wurin injin gurza ba kamar yadda wasu ke yi. Washa biyu na tagulla da ke bakin tiyo a sa sababbi. Kuma abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda.

"Ina so in yi wa kalifata jan fenti irin na motocin tsere. Zai ƙara wa birki ƙarfi?" Daga wani ɗalibi, Kaduna.

A'a. Jan hula ma ba ta sa mutum gudu. In ado kake so, ka sayi fenti mai jure zafi, ka rufe fistin da robobi da zaren ƙusoshi da inda ƙarfe ke zama kan ƙarfe. Amma ka fara duba kaurin fad ɗinka, in ya kai milimita 3 kuɗin fentin can ya kamata su tafi.

"An gyara mini kalifa, an wanke da fetur fes, an cika fin da giris. Wata ɗaya kawai birki ya sake kamawa. Kit ɗin ne jabu?" Daga mai Sharon, Funtuwa.

Ƙila jabu ne, amma ko na kamfani ne da an kashe shi tun ranar da aka sa. Wannan magana ta ishe ni, kuma zan ta maimaita ta. Robar birki ba irin robar sil ɗin injin ba ce. EPDM ake kiranta, an yi ta ne ta zauna cikin man birki, kuma ba ta jituwa da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai: fetur, gas, kananzir, baƙin mai, man giya, da giris ɗin nan na boris da kowane gareji ke da shi a gwangwani. Da ta taɓa su sai ta sha ta kumbura ta yi laushi. Wanda ke musu ya jefa tsohuwar robar kalifa a murfin fetur ta kwana, da safe ya gwada mayar da ita kwarminta, zai ga ta yi masa yawa kamar rigar aro. Abin da ya faru a motarka ke nan. Fin giris ɗin silikon yake so, ko jan giris na roba, shafa kaɗan, ba ɗura ba. In aka cika ramin, fin ba ya shiga har ƙarshe. Ƙaramar leda ɗaya ta isa ƙafa biyu, kuma ba ta kai kuɗin man da birki mai kamawa ke ƙona maka a sati ba.

Sai man birkin kansa, inda muka fi ganganci. Mutum zai zaɓi man injin mai tsada, ya zo kan birki ya ce wa yaro "karɓo mai araha a bakin titi". Gwangwanin da aka huda tun bara yana kan benci, a ɗauko a ƙara. Man birki DOT 3 da DOT 4, wato ajin man da ake rubutawa a jikin gwangwani, ruwa yake zuƙa daga iska, halinsa ke nan. Ƙa'idar DOT 4 sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma da ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Motar da ta ɗauko lodi tana gangarowa Hawan Kibo da ƙafa a kan birki za ta iya kai wannan zafin. Da man ya tafasa sai tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Kuma ruwan nan shi ne ke cin fistin ta ciki, tsatsar da ake ɗora wa damina laifinta. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo, lita ɗaya ta ishi ƙaramar mota. Ba ƙari na ce ba, sauyi.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, gwangwani iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ka ɗiga kaɗan a kofin ruwa. Na gaske narkewa yake ya gauraya. In ya taso sama yana ido kamar man gyaɗa a miya, an haɗa shi da wani mai, ka mayar. Wannan gwaji ba ya kama wanda aka tsinka da ruwa, saboda haka ka sayi wanda hatiminsa ke rufe, wurin dilan da zai kasance a shagonsa gobe. Kit ma haka: robar kirki gefenta kaifi ne, murabba'i, ba zare-zare, domin lanƙwasar wannan gefen ce ke janye fistin baya idan ka saki birki. DOT 5 na silikon ne, ba ƙanen DOT 4 ba, kada a haɗa su. Masu zuba ruwan omo "don a kai gida" kuwa, ban san gidan da suke nufi ba. A motarka yanzu sai an sake duk robobin da fetur da giris suka taɓa, a wanke da sifirit, a fara daga farko.

"Ni ke kai yara makaranta. Kwana biyu ina jin ƙauri, tayar gaba ta dama tana zafi har ba ta taɓuwa, motar tana ja dama. Tsoro ya hana ni barci." Daga wata uwa, Sakkwato.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kin yi kyau da kika lura da wuri, kuma abu ne mai gyaruwa a yini ɗaya. Birkin wannan ƙafar ne ba ya saki. Yara su bi wata motar zuwa a gyara, kuma kada ki watsa wa tayar ruwa tana da zafi, faifan kan karkace ko ya tsage. In gareji da nisa, bakanike ya zo gida. Ki ce masa kafin ya sayi komai ya ɗaga ƙafar, ya taka birki har ta kama, ya buɗe nonon fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, yawanci tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki yana hana mai komawa, kalifa ba ta da laifi. In ba ta saki ba, fistin ne ko fin. Tunda ƙafar ta gasu, a duba fad da boris, a sauya man. Allah ya tsare ki da yaran.

"Golf 4 ɗina ta kwana uku a ruwa lokacin ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024. Tun daga nan birkin baya ke kamawa. An matsa fistin da kilam, ƙarfen matsewa, ya ƙi komawa." Daga wani ɗan kasuwa, Maiduguri.

Allah ya mayar da alheri. A daina matsawa. Fistin ɗin baya na Golf 4 a kan zare yake saboda birkin hannu, murɗa shi ake yi ana turawa, kilam kaɗai lalata cikinsa zai yi. A cire wayar birkin hannu a gwada ɗan hannun da ke bayan kalifa. In ya koma da kansa, wayar ce ta yi tsatsa. In ya tsaya, sandar ciki ce ta ƙame, kuma irin wannan sauyawa ta fi gyara sauƙi.

"Ƙafa ɗaya na yoyo, aka ce a toshe bututunta da ƙusa in ci gaba da aiki da uku." Ba suna.

Ba zan ba ka shawarar yadda ake yi ba. Ajiye motar.

"Na sauya kalifa biyu na gaba, an fitar da iska sau uku, feda har yanzu laushi." Daga mai Accord, Bauchi.

Leƙa ka ga inda nonon fitar da iska yake. Iska sama take tsayawa, don haka dole nonon ya kasance a saman kalifa. In yana ƙasa, an ɗaura ta hagu a dama, ta dama a hagu, ko kuma an sayar maka da 'yan gefe ɗaya guda biyu. A musanya, a sake fitar da iska, mai takawa kada ya kai feda har ƙasa don kada robar masta, wato famfon da feda ke turawa, ta hau tsatsa, kuma a riƙa leƙa kofin mai kada ya ƙare ana cikin aiki.