Fatawa: Karatun Alƙur'ani a waya ga mai fashin salla

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Funtuwa, ina zuwa makarantar hadda ta matan aure, na haddace izu 34. Duk abin da ke cikin wayata babu wanda nake buɗewa kamar manhajar Alƙur'ani, da ita nake tilawa ko ina girki. In ina fashin salla ma da ita nake bita don kada haddata ta zube. Rannan uwar mijina ta shigo ta tarar ina karatu, ta san kuma ba na salla, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce tunda izu sittin na ciki wayar ta zama Alƙur'ani, ko ɗaukarta bai halatta gare ni ba. Daga baya ƙanwar mijina ta turo mini muryar wani malami a WhatsApp yana cewa da zarar ayoyi sun bayyana a fuskar waya, hukuncinta ya zama na Mus'hafi. Malam, na yi zunubi? Sannan wani lokaci jinin kan ɗauke mini da daddare, sai in ci gaba da karatuna in bar wanka sai hantsi saboda sanyi, ko in jira ranar da manhajar lissafin al'ada ta nuna mini. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya cika miki izu 26 ɗin da suka rage, Ya sa ki sauke da albarka.

'Yata, abin da ya tayar miki da hankali shi ne mai sauƙin. Wanda kika maƙala a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ya tayar mini da nawa. Zan fara da wayar tunda ita ta haɗa ki da Hajiya, uwar mijinki, amma ki daure ki karanta har ƙasa.

Karatun mai haila ba tare da taɓa Mus'hafi ba Imam Malik ya halatta shi, a kansa malaman ƙasar nan suke tun kaka da kakanni, shi kuma Ibn Taimiyya ya zaɓa. Sauran mazhabobin uku sun hana, sai dai hadisin da aka fi kafa hujja da shi wajen hanin malaman hadisi sun raunana shi. Sauraro kuwa babu wanda ya hana. Akwai ma wani abu da kika faɗa da kanki ba ki lura da nauyinsa ba: ke ɗaliba ce. Shehu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya togace malami da ɗalibi, ya ce suna iya riƙe allo ko da mace ce mai haila, masu sharhi kuma suka haɗa da Mus'hafin kansa saboda buƙatar koyo da tsoron mantuwa. Sauƙin bai shafi mai janaba ba, domin shi wankansa a hannunsa yake. Ke nan ko da takarda Hajiya ta tarar a hannunki kina bitar darasinki, a mazhabar da ita kanta take bi ba ki yi laifi ba.

Saura maganar cewa waya tana zama Mus'hafi. Malamin da aka turo miki muryarsa ba shi kaɗai ba ne a kan haka, kuma girmama Littafin Allah ne ya kai shi ga faɗinsa. Amma ra'ayin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Shari'a ta rataya hanin taɓawa ne a kan Mus'hafi, abu mai suna wanda kowa ya sani. Ki aiki ɗanki ya ɗauko miki Alƙur'ani ki ga ko zai je wajen caji ya zaro waya. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya yi cinikin Tecno, ba ya komawa gida ya ce ya sayo Mus'hafi, ko da mai shagon ya zuba masa manhaja goma ta Alƙur'ani kafin ya fito. In kuma kin taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya ya kwance bayanta, kin ga abin da ke ciki: batir, da wani ɗan faranti kore, da ƙananan ƙarafa kamar ƙwayar gero. Babu ba, babu sin. Abin da aka ajiye lambobi ne da na'ura ke juyawa su fito da siffar haruffa idan an kira su, in an kashe su ɓace. Iyayenmu sun yi shekaru suna ɗaukar kaset ɗin karatun Husari da Minshawi, izu sittin cif a cikin kwali, ba a taɓa jin malamin da ya ce sai da alwala ba.

Za a ce to ai ba a kan wayar da ke kashe ake magana ba, a kan lokacin da ayar take bayyane ne. Masu wannan ra'ayi suna da hujja ɗaya mai kyau, kuma daga tsangayarmu suka ɗauko ta: allo ma ana rubutawa a wanke, amma muddin rubutun na kai ana ba shi hukuncin Alƙur'ani, me ya raba shi da fuskar waya? Tawada ce ta raba su. Almajiri in ya yi rubutu, tawadar ta zauna a jikin itacen, hannunsa na iya shafa ta, ba ta tafiya sai an sa ruwa, ruwan ma ba a zubar da shi ko'ina, wani ma sha ake yi. A waya me za ki wanke? Haske ne ke fitowa ta bayan gilashi, yatsanki bai taɓa kai wa ga harafi ba ko sau ɗaya. Da wani zai riƙe Mus'hafi a gaban madubi ayoyin su fito a ciki, babu mai cewa madubin ya zama Mus'hafi, a hana mara alwala goge shi.

Sai su ce gilashin ai manne yake, kamar bangon Mus'hafi, bango kuwa hukuncinsu ɗaya da takardun. Bango ya sami wannan daraja ne domin don Mus'hafin aka yi shi, ba shi da wani aiki sai rufe shi. Gilashin wayarki don waya aka yi shi. Shi ne ya nuna miki Suratul Kahfi da safe, shi ne zai nuna miki hoton atamfa da kuɗin da aka turo miki da rana. Malamanmu sun riga sun yi hukunci a kan abin da Alƙur'ani ya shiga cikinsa amma ba a kiransa Mus'hafi. Sun halatta wa mara alwala riƙe littafin tafsiri, ga Jalalaini nan ayoyi cike da kowane shafi. Sun halatta riƙe kuɗin da aka buga aya a jikinsu. Dinarin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira yana ɗauke da wani ɓangare na Ƙulhuwallahu, kuma da shi aka riƙa ciniki a kasuwanni. Waccan aya a zane take a jikin zinare, tana gogar tafin hannu. In an yi sauƙi a can, a waya ya fi cancanta.

Ki duba kuma inda ra'ayin zai kai mu in an bi shi da gaske. Mutum yana duba Facebook ba alwala, aya ta faɗo a rubutun wani, sai ya saki wayar ta faɗi? In ya ce zai ture ayar ta wuce, da yatsa zai ture, ya taɓa ke nan. Abu ya zama Mus'hafi ya daina, ya sake zama, sau goma a minti ɗaya, gwargwadon abin da mutane suka ga damar turowa. Ba a gina hukuncin tsarki a kan irin wannan. Manyan malamai na wannan zamani da dama, cikinsu har da Shaikh Salih Al-Fauzan, sun ce waya ba a kiranta Mus'hafi. Abin da zan bar wa masu wancan ra'ayi shi ne na'urar da aka ƙera don Alƙur'ani kaɗai, babu kira babu saƙo. A nan yin taka-tsantsan ya fi. Wanda kuma yake da ikon yin alwala ya yi kafin ya buɗe manhaja, ya kyauta. A kan wayar dai ba ki yi zunubi ba.

Yanzu ga inda hukuncinki ya juya. Sauƙin da aka yi wa mai haila an yi shi ne saboda tsarkinta ba a hannunta yake ba, kwanaki ne za su wuce, hadda kuma ba ta jira. Da zarar kin ga bushewa ko farar kumfa, wannan uzuri ya ƙare. Abin dogaro a wajen malaman mazhaba shi ne ki dakatar da karatu, a waya ko da ka, har sai kin yi wanka, domin a lokacin kin yi kama da mai janaba, ruwa kawai ya rage miki.

Karatun ma ƙarami ne a kan salla. Idan kin ga tsarki da daddare, kuma kafin alfijir akwai lokacin da zai ishe ki wanka da raka'a 4, Magariba da Lisha na wannan daren sun hau kanki. In bai kai haka ba amma ya ishi raka'a ɗaya, Lisha ce kawai. Asuba kuwa babu magana. Mace ta ga tsarki ƙarfe goma na dare ta kwanta sai hantsi, salla uku ke nan ta bari, tana zaune da wayarta tana bitar Suratul Mu'minun, inda ake yabon masu kiyaye sallolinsu. Ba na faɗin haka don in kunyata ki, mata da yawa ba a koya musu wannan babi da kyau ba. Ki zauna ki ƙididdige watannin da hakan ta faru bisa rinjayen zatonki, ki rama sallolin, ki nemi gafarar Allah. Ba a ɗora miki tashi tsakar dare kina dubawa ba, ki duba lokacin kwanciya da kuma da asuba. Sanyin Funtuwa na hunturu na san shi, amma wadda ke da wutar girki tana da ta dafa ruwa. Taimama sai in babu ruwan, ko akwai rashin lafiyar da ruwa zai ƙara. In a Ramadan ne kuma kika ga tsarki kafin alfijir, azumin wannan yini ya wajaba ko da wankan ya zo daga baya.

Ita kuwa manhajar lissafin al'ada, kirdado take yi daga watannin da kika shigar mata. Ba ta ganin abin da kike gani. In ta ce saura kwana biyu ke kuma kin ga tsarki, ki yi wanka ki yi salla. In ta ce kin gama jini kuwa bai tsaya ba, ki ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarki, muddin jimillar ba ta wuce 15 ba, daga nan ki yi wanka, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Amfaninta gare ki shi ne ta tuna miki kwanakin da kika saba.

Game da Hajiya, ina roƙonki kada ki ɗauki wannan amsa ki tura wa ƙanwar mijinki a matsayin martani. Matan zamaninsu sun tashi ne suna ganin Alƙur'ani a cikin gafaka, an naɗe da ƙyalle, an ɗora can sama inda hannun yaro ba ya kai. Wadda ta girma a haka, ta ga izu sittin a kan tabarma kusa da kwanon miya, dole gabanta ya faɗi. Wannan tsoron nata abu ne mai kyau, mu ne muke neman rasa shi. In tana gidan a kwanakin fashinki, ki sa abin sauraro a kunne ki bi mai karatu, ko ki shiga ɗaki. In bayani ya zama dole, mijinki ya yi mata, daga bakin ɗanta zai fi shiga.

Tunda wayar ce abokiyar karatunki, ga wasu abubuwa da ba ki tambaya ba. Shiga banɗaki da ita babu laifi in an rufe manhajar. Kada ki sa karatun Alƙur'ani ya zama ƙarar shigowar kira. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta hana haka a zamanta na 2007, ko ba komai ana katse aya a tsakiya don a ce "hello". Ki kashe data lokacin tilawa. Na sha ganin ɗalibi a gabana yana tsakiyar aya saƙo ya leƙo ta saman waya, bakinsa na karatu idonsa ya riga ya tafi, in na ce ya maimaita bai san inda ya tsaya ba. Kashe datar yakan kuma rage tallace-tallacen da wasu manhajojin kyauta ke liƙawa a ƙarƙashin ayoyi, wasu har na caca. Ki kula da izinin da manhaja ke nema. A Nuwamban 2020 an ba da rahoton cewa bayanan wuraren da masu amfani da manhajar Muslim Pro suke sun bi ta hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Manhajar karatu zalla ba ta da abin yi da sanin inda kike kwana.

Na ƙarshe ya shafi haddar kanta. Yawancin manhajoji da ruwayar Hafsu suke buɗewa, makarantunmu da yawa kuwa Warshu suke karantarwa, bambancin yana farawa tun daga Fatiha, wajen ja ko rashin jan "maliki". Ki tabbata ruwayar da ke wayarki ita ce ta malamarku. Ki kuma zaɓi tsarin shafi irin na Mus'hafin da kike hadda da shi; in bugun Madina ne, mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi, ki sa manhajar ta nuna shi haka, domin ido yana haddace mazaunin aya kamar yadda harshe ke haddace lafazinta. Ranar da kike da tsarki kuma ki koma wa takardarki.

Wallahu a'alam.