Amsoshin Tambayoyinku: Biret, Fifet da Inda Ya Kamata Kuɗi Su Tafi

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan kayan auna ruwa na ɗakin gwaje-gwaje suka zo. Na haɗa su waje guda, tunda yawancin masu su abu ɗaya ke damun su: kuɗi kaɗan ne a hannu, mai kaya kuma yana ta nuna masu mafi tsada.

Daga wani malamin kimiyya a wata makarantar kuɗi da ke wajen Ƙofar Ƙaura: Za mu sayi biret da fifet na ɗalibai arba'in saboda firaktikal na WAEC da NECO. Dila ya ce akwai aji A da aji B, kuma A ya fi tsada sosai. Mai makaranta ya ce in zaɓa. Wanne zan ɗauka?

Ga wanda bai san su ba, biret dogon bututun gilashi ne mai layukan awo da famfo a ƙasa, da shi ake ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, fifet kuma bututu ne da ake zuƙar wani adadi na ruwa da shi a zuba. Malam, ɗauki aji B, kada ka ji wani ɗar. Ga dalili. Biret mai cin mililita 50 na aji A, kuskuren da aka yarda masa shi ne 0.05, sama ko ƙasa. Na aji B kuma 0.10. Fifet mai mililita 25 na aji A 0.03 ne, na B 0.06. To yaron da ke aji shida na sakandare, wanda hannunsa ke rawa a kan famfon biret, idonsa kuma bai saba da ganin lokacin da kalar ruwan ke juyawa ba, kuskurensa shi kaɗai ya wuce wannan bambancin nesa ba kusa ba. Ɗigo ɗaya da ya kuɓuce masa kusan mililita 0.05 ne. Ka ga ɗigo guda ya cinye duk fifikon da ka biya kuɗi a kansa.

Ka sayi aji A guda biyu kacal, biret ɗaya fifet ɗaya, ka kulle su a kabad ɗinka. Da su za ka riƙa yin naka awon na malami, wanda ake gwada na yara da shi. Ragowar kuɗin ka zuba su a wurare uku. Na farko robar zuƙo ruwa ta fifet, ta kowane ɗalibi, don har yanzu akwai makarantun da yara ke zuƙar sinadari da baki, kuma wannan ganganci ne. Na biyu biret mai famfon roba fara, wadda ake rubuta wa PTFE, maimakon famfon gilashi. Na uku ƙarin guda biyar ko shida na ajiya, don ranar jarrabawa sai an fasa.

Kafin ka biya, duba jikin gilashin. Na kirki za ka ga an rubuta ajinsa, da 20°C, zafin da aka auna shi a kai, da alamar Ex ko TD, wato an auna shi ne a kan abin da yake zubarwa. Sannan ka cika kowane biret da ruwa, ka kafa shi a kan sandarsa, ka bar shi minti ashirin. Wanda ruwansa ya sauka daga inda ka bar shi yana yoyo, a mayar wa dila kayansa tun bai bar gari ba.

Daga wata ma'aikaciyar lab a wani asibiti mai zaman kansa a Daura: Maikurofifet ɗaya gare mu, wato fifet na ɗibar ruwa ɗan mitsitsi, mai auna maikurolita 100 zuwa 1000. Da shi muke komai. Kwanan nan sakamakon gwajin sukari da na ƙoda yana yawo, yau sama gobe ƙasa. Shugabanmu ya ce a sayo sabo na kamfanin Eppendorf ko Gilson. Shi ne maganin?

Malama, wataƙila shi ne, wataƙila kuma ba shi ba ne, kuma akwai hanyar ganewa kafin a fitar da ko sisi.

Bari in fara da abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Ƙa'idar duniya da ke kula da irin wannan fifet ita ce ISO 8655. Ta ce fifet mai cin maikurolita 1000, wato mililita ɗaya, an yarda ya kauce da maikurolita 8. Amma wannan 8 ɗin ba ya raguwa don kin murɗa shi ƙasa. In kin sa shi a 1000, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In kin mayar da shi 100, takwas ɗin nan tana nan daram, ta zama kashi 8 cikin ɗari, kuma fifet ɗin bai karya doka ba. Mai cin 100 kuwa, abin da aka yarda masa 0.8 ne kawai. Auna 100 da babban fifet kamar auna gishirin miya ne da tiya: tiyar ba ta yi ƙarya ba, aikin ne ba nata ba. Saboda haka ko da za a sayi sabo, ni a ganina ƙarami kuke buƙata, mai 10 zuwa 100 ko 20 zuwa 200, ba wani babban na biyu ba. In kuma akwai gwajin da kuke ɗibar maikurolita 10 na jini kullum, ku sayi wanda aka kafe shi a 10 ɗin, wanda ba a murɗawa. Ya fi araha, kuma babu mai taɓa masa lamba.

Yanzu gwajin na hannunku. Ki nemi sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, wato mai karanta 0.0001 na giram. In babu a wurinku, sashen kimiyyar sinadarai na manyan makarantu, irin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman a Katsina, nan ne ake samun irinsa, sai a nemi alfarma. Ki ajiye ruwan distil, wato tataccen ruwan lab, da fifet da kawunan robar da ake sa wa bakinsa a ɗaki ɗaya su yi kamar awa biyu, zafinsu ya zo ɗaya. Ki kashe fanka. Ki ɗora ƙaramin kofi da ɗan ruwa a ciki, ki mayar da sikeli sifili. Ki jiƙa kan robar, wato ki zuƙa ki zubar sau uku zuwa biyar, sannan ki ɗebi 1000 ki zuba a kofin, ki rubuta nauyin. Sau goma za ki yi.

Kada ki jira ganin giram 1.0000 cif. Ruwa a digiri 25 ya ɗan fi haka sauƙi, don haka ana ninka nauyin da 1.0040 a sami maikurolita na gaskiya. A digiri 30 kuma da 1.0054. Fifet mai lafiya a digiri 25 zai ba ki wajen giram 0.996. In matsakaicin goman ya faɗa tsakanin 0.988 da 1.004, yana cikin ƙa'ida. Ki maimaita a 500 da 100.

Abu biyu za ki duba a lambobin nan, kuma kowanne da maganarsa. In goman sun taru kusa da juna amma duk sun yi ƙasa, fifet ɗin ne ya kauce, saiti yake so. In kuwa sun warwatse, wannan 0.985 wancan 1.006, to ko robar da ke riƙe iska a cikinsa ta gaji, ko kawunan da kuke saya ba su kama bakinsa da kyau, ko kuma hannu ne. Ki sa abokin aikinki ya yi nasa goman. In nasa sun taru naki sun watse, kin san inda gyara yake. Ƙurar hunturu tana shiga cikin fistin ta ci robar, kuma wanda ke kwantar da fifet a kan tebur da jini a bakinsa yana tura jinin ciki ne. Akwai gwajin yoyo mai sauƙi: ki zuƙi ruwa, ki riƙe shi a tsaye daƙiƙa ashirin. In ɗigo ya taru a baki, iska na shiga.

Eppendorf da Gilson da Brand kaya ne masu kyau, babban amfaninsu kuma shi ne ana samun kayan gyaransu. Amma jabunsu na yawo, saboda haka ki ga lambar da ke jikin fifet ta yi daidai da wadda ke kan satifiket ɗin cikin kwali. Mai sauƙin kuɗi da ake aunawa duk wata uku ya fi mini mai suna da ya shekara uku ba wanda ya ɗora ruwansa a sikeli. Kuma kada a manta, yawon sakamako yana iya fitowa daga sinadaran gwajin da suka sha zafi lokacin da firij ya mutu. Ruwan kwantirol, wanda aka riga aka san sakamakonsa, da kuke gudanarwa kowace safiya shi zai nuna maku wannan.

Daga wani Alhaji mai kamfanin fiya wata a kan hanyar Dutsin-ma: Yaron da ke kula da lab ɗinmu ya kawo mini takarda, yana son biret na dijital da ake ɗaurawa a kan kwalba, ko ma injin taitireshan, wato aikin ɗiga sinadari har kalar ruwa ta juya, mai yin komai da kansa. Ya ce na gilashi ya tsufa. Ni dai na ga kuɗin da yawa.

Alhaji, ranka ya daɗe, bari mu yi lissafin da aikin da yaron yake yi. Gwajin taurin ruwa, misali: ana ɗibar mililita 50 na ruwan, a sa sinadarin da ke mayar da shi ja-ja, a riƙa ɗiga wani sinadari da ake kira EDTA mai ƙarfin mola 0.01 har ya koma shuɗi. Kowace mililita ɗaya ta EDTA da ta shiga tana nufin miligiram 20 na tauri a lita. Ɗigo guda ke nan miligiram 1. Iyakar da ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta sa wa tauri 150 ce. Ko yaron ya zarce da ɗigo biyu, 80 ta zama 82, hukuncin bai canza ba. Biret na gilashi aji A ya isa wannan aikin har da saura.

Na dijital yana nuna lamba biyu ko uku bayan ɗigo, sai mutum ya ɗauka ya fi gaskiya. Yawan lamba a allo ba shi ne daidaito ba. Masu kyau daga cikinsu, irin Titrette na kamfanin Brand, abin da suke alfahari da shi shi ne sun kai ma'aunin aji A na gilashi. Abin da suke ba ka shi ne sauri, da hutun cika biret, da kawar da kuskuren karanta layi. In samfur talatin ko arba'in kuke yi a yini, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In biyar ne, a'a. Injin mai yin komai, irin na kamfanin Metrohm, ni ba zan ba ka shawararsa ba yanzu: yana son wuta tsayayya, sandar da ke karanta ruwan tana tsufa a canza ta, kuma in ya tsaya ba a Katsina za a gyara shi ba.

Ga inda zan sa kuɗin in ni ne. Ƙaramin biret mai mililita 10, don in abin da ake ɗigawa mililita 3 ne kacal, babba mai 50 ya yi masa yawa. Biret mai duhun gilashi saboda silba naitiret na gwajin kuloraid, wanda haske ke lalatawa. Fifet mai ciki na aji A don ɗibar samfur, domin silinda mai mililita 100 ta aji B tana iya kaucewa da mililita ɗaya cur, kuma da ita na ga yara da yawa suna ɗiba. Sai sinadarai sababbi masu kwanan wata. In kuna zuba asid mai ƙarfi kullum, famfon kan kwalba mai fitar da adadi ɗaya yana da amfani, don kare hannu da ido, amma a tambayi mai sayarwa ko irin famfon yana jure wannan asid ɗin.

Daga wani ɗalibin HND: An rubuta 20°C a jikin kayanmu, mu kuma a watan Afrilu lab ɗinmu yana kai 38. Awonmu duk banza ne ke nan?

A'a, ɗana. Gilashin borosiliket, wanda da shi ake yin yawancin kayan lab, ba ya buɗewa da wani abin kirki, bai kai kashi 0.02 cikin ɗari ba a wannan tazarar. Ruwan ne ke kumbura: daga digiri 20 zuwa 35 yana ƙaruwa da wajen kashi 0.4. In ka haɗa sinadarinka, ka tantance ƙarfinsa, ka yi aiki da shi duk a zafi ɗaya, yawancin wannan yana share kansa. Matsalar ita ce kwalbar da aka haɗa da sanyin Janairu ake ta amfani da lambarta har bazara. Sodiyom haidiroksaid ma ko babu zafi yana shan iskar kabon daga sarari yana raguwa, shi ya sa ake sake gwada ƙarfinsa da wani sinadarin gwaji mai suna KHP kafin aiki mai muhimmanci. Akwai gilashin da ake aunawa a 27°C saboda ƙasashe masu zafi, in ka ci karo da shi ba jabu ba ne.

Ka kuma tambaya game da famfon biret da ya ƙi murɗuwa. In na gilashi ne kuma an bar haidiroksaid ya kwana a ciki, ya ci gilashin ya manne. Jiƙa shi a ruwan ɗumi ka gwada a hankali da tsumma a hannu. In ya ƙi, kada ka sa ƙarfi, yankan gilashi a tafin hannu ya fi biret tsada. Nan gaba a wanke da ruwan distil da an gama, a bar famfon a sassauce.