Amsa kan batun jirgin ƙasa na cikin gari a Gusau

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyaye da 'yan'uwa da ke cikin wannan zaure. Malam, na saurari muryarka ta daren jiya, inda ka ce tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon shimfiɗa layin dogo nasu, me zai hana Gusau ta fara shirin jirgin ƙasa na cikin gari irin na Legas, sannan ka tambaya yadda za a zana layi alhali ba wanda ya san yawan mutanen da garin zai ɗauka nan da shekara 30. Wannan tambaya ta biyu ita ce gaɓar, kuma a kanta nake son in tsaya.

Rabon da a ƙidaya jama'a a Najeriya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta, saboda haka duk adadin da wani zai ba ka yau game da Gusau kintace ne. Kintace kuma idan ya karkace kaɗan daga tushe, a gaba ɓarna ce babba. Garin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara zai ninka kansa cikin shekara 24 ko ƙasa da haka kaɗan, wanda ke ƙaruwa da kashi 5 kuwa shekara 14 da 'yan watanni sun ishe shi. Nan da shekara 30, na farko bai kai ninki biyu da rabi ba, na biyun ya haura ninki huɗu.

Namu lamarin ya fi haka wuya, domin da yawa daga cikin waɗanda suka cika gefen gari a shekarun nan ba neman aiki ya kawo su ba, ɓarayin daji ne suka raba su da ƙauyukansu a yankunan Maru da Zurmi da Tsafe da Maradun. Wani ranar da daji ya lafa zai koma gonarsa, Allah Ya kawo mana ranar, wani kuma ya riga ya sa 'ya'yansa makaranta a nan, ya kama sana'a, ya sayi ɗan fili, ba zai koma ba. Babu masanin da zai iya raba maka kason waɗannan da na waɗancan.

Abuja ta isa misali. An buɗe jirginta na cikin gari a 2018, aka dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo aiki ba sai 2024. An shimfiɗa shi ta Idu zuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, tashoshi da dama nesa da gidajen mutane, alhali ma'aikatan da ke kwararowa kullum da safe daga Nyanya da Mararaba suna nan cikin cunkoson motoci. Dogo idan an kafa shi an kafa ke nan, ba a naɗe shi kamar tabarma a kai inda jama'a suka koma.

Ban manta ba cewa dogo da kansa yana jawo mutane, garin nan ma shaida ne, domin layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929 shi ya mayar da Gusau matattarar gyaɗa da auduga. Sai dai a lokacin akwai kayan da ke jiran jirgin tun kafin ya iso.

Ra'ayina shi ne, abin da ya kamata a kashe wa kuɗi yanzu fili ne, ba ƙarfe ba. A keɓe zirin ƙasa mai faɗi a gefen hanyar Zariya da ta Sakkwato da ta Ƙaura, a sa shi cikin taswirar gari da ƙarfin doka, a kafa duwatsun iyaka, a hana rabon filaye da gini a cikinsa, tun diyyar da za a biya ta gona ce ba ta benaye ba. Tsohon layin da ya ratsa gari kuwa na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, sai a zauna da ita a kare gefensa daga masu cin iyaka. A cikin wannan ziri sai a fara da manyan motocin safa masu hanyarsu ta kansu, kamar yadda birnin Kuritiba na Barazil ya yi tun 1974, kamar kuma yadda Legas ta yi a 2008, shekara 15 kafin jirginta na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Kowane tikiti da aka yanka ƙidaya ce ta gaskiya, kuma hanyar da aka ga motoci sun gaza kwashe mutanenta da safe, ita za a fara shimfiɗa wa dogo. Wadda jama'a ba su bi ba, an yi asarar motoci kaɗan da za a iya juya su wata unguwa, fili kuma yana nan.

Malam, idan za ku rubuta takardar da ka ambata zuwa ga 'yan majalisarmu, ina roƙon a fara da batun keɓe filin, kuma 'yan'uwanmu masu aikin safiyo da ke cikin zauren nan su taimaka mana da faɗin da ya dace a nema. Wassalamu alaikum.