Amsa ga ɗan'uwan da ake tuhuma da dukan matarsa: ajiye wayar nan tukuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce kun yi faɗa da mai ɗakinka, ta kira 'yan sanda, an tuhume ka da cin zarafi, an ba da belinka da sharaɗin kada ka kusance ta. Yanzu kana tambaya ko ka kira ta ka ba ta haƙuri ta janye, ko ka tura yayanta. Na ga wasu sun ce maka ka kira ta kawai, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Don Allah kada ka kira. Ni ba lauya ba ne, amma na taɓa zama a kan wannan bencin shekaru tara da suka wuce, kuma kiran da kake shirin yi shi ya mayar da ni ɗakin tsaro.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da zarar magana ta zama tuhumar laifi, ta bar hannunku ku biyu. Hukuma ce ke ƙararka, matarka shaida ce. A wurare da yawa ko ta zo tana kuka ta ce ta yafe, mai gabatar da ƙara na iya ci gaba da hotunan rauni, da rahoton likita, da muryarta da aka naɗa lokacin da ta kira neman agaji, da abin da ɗan sandan da ya fara zuwa ya gani da idonsa. Suna yin haka ne domin sun sha ganin wadda aka matsa wa ta janye, bayan wata shida a dawo da ita da karaya. Saboda haka duk wani roƙo da ya fito daga ɓangarenka, ko ta bakin yayanta, ko ta bakin mahaifiyarka, kotu na iya ɗaukar sa a matsayin matsa wa shaida. Wannan laifi ne na daban, wani lokaci ma ya fi na farko nauyi.

Ga yadda tawa ta kasance. Kwana huɗu da ba ni beli, matata da kanta ta turo saƙo cewa yaro yana zazzaɓi yana kiran sunana. Na kira, muka yi magana minti goma sha ɗaya. Na san adadin ne domin an karanto shi a gaban alƙali daga takardar kamfanin waya. Bayan kiran na rubuta mata: ki yafe min abin da na yi miki. Wannan layi ɗaya mai gabatar da ƙara ya ɗaga sama ya ce ga amsa laifi da hannunsa. Alƙali bai tambayi wa ya fara turo saƙo ba, domin ni umarnin ya ɗaure, ba ita ba. Aka soke belin, na yi kwana shida a tsare. Lauyata ta zo ganina, ta ajiye jakarta, ta dube ni ta ce, Malam, baki shi ke yanka wuya, kai kuma da babban yatsa ka yanka naka.

Ba ka ambaci ƙasar da kake zaune ba, to ka sani dokokin sun faɗaɗa kusan ko'ina. A Najeriya dokar haramta cin zarafi ta 2015 ba duka kaɗai ta ƙunsa ba, har da zagi mai ƙuntata rai, da hana kuɗin buƙata, da korar mace daga gida da ƙarfi. Ghana ta yi tata a 2007. A Ingila tun 2015 takura wa abokin zama da juya rayuwarsa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar ko da bai ɗaga hannu ba, a 2022 kuma shaƙe wuya ya zama laifi mai zaman kansa. A Amurka, baƙon da ba ɗan ƙasa ba, tun 1996 ana iya korar sa idan aka same shi da irin wannan laifi ko ya karya umarnin kariya. Don haka cewa ai ban dake ta ba, tsawa kawai na yi na ƙwace wayarta, ba lallai ya fitar da kai ba. Kada kuma ka amsa ƙaramin laifi don a sallame ka da wuri sai lauya ya gaya maka abin da zai jawo wa aikinka, da takardun zamanka, da ganin 'ya'yanka.

Kana da haƙƙi, ka riƙe shi. Ba ka da laifi a idon doka sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana kan masu ƙara. Ba dole ka yi wa 'yan sanda dogon bayani ba lauya a gefenka ba. Idan ba ka da halin biya, ka tambayi kotu lauyan taimako na gwamnati.

Inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne abin da za ka gaya wa lauyan. Ni da farko na ce wa lauyata ban taɓa matata ba. Ƙarya ce. Na riƙe hannunta da ƙarfi a bakin ƙofa lokacin da take son fita, har shatin yatsuna ya fito. Amma takardar tuhuma ta ce na shaƙe ta, wannan kuwa bai faru ba. Da na ci gaba da musun komai, hoton hannun kaɗai ya isa ya mayar da ni maƙaryaci, sannan wa zai yarda da ni a kan wuyan? Da na faɗi gaskiya, sai lauyata ta san inda za ta sa ƙarfinta. Ta nemi rahoton likitan da ya duba matata a daren, babu ko kalma a kan wuya. Ta jera bayanin matata na farko da na biyu, ta nuna inda suka saɓa. Tuhumar shaƙewa ta faɗi. Ta hannun na amsa, aka sa ni zaman gyaran hali na wasu watanni, kuma ban ce an zalunce ni ba. A wurin zaman nan ne na fara jin cewa tare ƙofa ga mai son fita ma cin zarafi ne, abin da a da nake kira lallashi.

Idan kai ma an ji maka ciwo, je asibiti yau a rubuta, ka ɗauki hoto da kwanan wata. Kare kai hujja ce da doka ta sani, amma sai ƙarfin da ka yi amfani da shi ya yi daidai da barazanar. Wanda aka mara ya rama da karya haƙarƙari ba kare kai ya yi ba.

Kada ka goge komai a wayarka, har saƙonnin da suke kunyata ka, domin ita tana da nata kwafin, gogewar kuma ta fi saƙon muni a gaban alƙali. Zauna yau ka rubuta abin da ya faru daki-daki da lokuta, da sunan duk wanda ya ji ko ya gani, ka miƙa wa lauya kawai. Maganar Facebook ka bar ta gaba ɗaya. Har wannan tambayar taka, da ni ne da na rage bayanan da ke ciki, domin ka riga ka faɗi abubuwan da bai kamata a gan su a rubuce ba.

Batun yara da kayanka da ke gidan, akwai hanyarsa. Lauya zai roƙi kotu ta sassauta sharaɗin, ta sa wani amintacce ya riƙa karɓo yaran, ko a haɗa ka da ɗan sanda ka je ka kwashe tufafinka. Ni minti ashirin aka ba ni, jami'i na tsaye a bakin ɗaki, na manta da takardun aikina sai da aka sake neman izini. Ka rubuta abin da za ka ɗauka kafin ka je.