Amsa: Fijo 504 mai tartsatsi ta kafireta da tsallen wuta

Alhaji, ka ce 504 ɗinka tana yin "fat-fat" ta bakin kafireta idan ka taka totur, tana kuma ɓari a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, alhali an sa sababbin fulogi a Gusau. Kada ka bari a kwance kafiretar tukuna. Yawanci ita ake ɗora wa laifi, ita kuwa ƙarar kawai ke fitowa ta bakinta.

Wuta na komowa ta kafireta ne idan mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko kuma fulogi ya ba da wuta alhali bawul ɗin shigar mai bai gama rufewa ba. Da ta salansa take harbi, wannan wani zance ne.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Injin ya yi zafi, ka ja cok rabi, ka taka. In ƙarar ta ragu, ƙarancin mai ne ko satar iska. In ba abin da ya canza, nufi wajen wuta.

A buɗe distiribita, mai raba wa fulogai wuta. Tazarar kwantak, ƙarafa biyun da ke haɗuwa suna rabuwa a cikinta, 0.40 mm ce, a auna da fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, ba da ido ba. In fuskar kwantak ta ci rami, gefe ɗaya kuma ya yi tsini, kwandansa, 'yar gwangwanin da ke hana kwantak ƙonewa, ce ta gaji, a canza su tare. A kai murfin distiribita cikin rana a duba cikinsa: siririn baƙin layi kamar zanen fensir tsakanin ƙafafu biyu hanya ce da wuta ta yi wa kanta, ƙurar hunturu da danshi ke jawo shi. Gogewa ba ta magani, sabo za a sa. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, kuma tun da an taɓa fulogi kwanan nan, a tabbatar yaron gareji bai musanya wayoyi ba. Sai an gama da kwantak ake saita tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin tazarar tana motsa shi.

Bawul kuwa, a nan bakanikai da dama ke yin garaje. A injin mai lita 2 na 504, tazarar na shiga 0.10 mm ce, na fita 0.25 mm, injin da sanyi, wato ya kwana. Wasu kan matse don kashe ƙarar "tak-tak", mai mota ya ji daɗi. Da ƙarfe ya ɗau zafi sai bawul ya ƙi zama, wuta ta zurare baya. In an saita ba ta daina ba, a gwada kwamfireshin, wato ƙarfin matsin kowace silinda. Silinda ɗaya da ta faɗi ƙasa da sauran sosai, mai yiwuwa bawul ya ƙone, sai an sauke top, wato kan injin.

Satar iska: injin na silo, a fesa ruwan wanke kafireta a gindinta da kan robar da ke zuwa servo, tukunyar iskar da ke taimaka wa birki. Inda ƙarar injin ta canza, nan ne ɓarakar. A yi nesa da fuska, a ajiye abin kashe gobara kusa.

Sai yanzu kafireta. A kashe mota, a cire filtar iska, a leƙa ciki wani ya taka totur. Dole ka ga mai ya yi tsartuwa lokaci guda. In ɗiga yake yi, robar famfon totur ta mutu ko jet ɗinsa, ɗan ramin da mai ke fitowa, ya toshe, kuma wannan ya dace da abin da ka bayyana. A busa jet da iska. Mai tsokana shi da waya buɗa ramin yake yi, daga nan motar ta fara shan mai. A zuba man kwanon fulot, inda mai ke taruwa a kafireta, a kwalba mai haske. Wanda ke sayen mai wajen 'yan bumburutu a hanyar Funtuwa ko Talata Mafara kan ga ruwa ya kwanta a ƙasa. In an gan shi, har tanki za a wanke, a canza filtar mai, in ba haka ba jet ɗin zai sake toshewa.