Kafin ka sayi fili a Shika, je ka sha shayi a can

Wani ɗan tireda daga kasuwar Sabon Garin Zariya ya rubuto min: "Na tara naira miliyan 3, kuɗin haya kuma ya ishe ni. Wani dillali ya nuna min fili a bayan Shika, ya ce gari na tahowa. Shin in saya in gina shago in koma can?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Dillalin bai yi ƙarya ba, gari na tahowa. Tun da aka kafa jami'ar ABU a Samaru a 1962 Zariya take miƙewa ta hanyar Funtuwa, asibitin koyarwa na Shika kuma ya ƙara jan mutane. Sai dai bai faɗa maka ranar da garin zai iso ƙofar shagonka ba, jarin tireda kuwa ba ya son zama. In ka binne miliyan 3 a fili da bulo, da me za ka yi sari?

Ware kwana uku tukuna. Hau mota a Kwangila kamar kowa, ka sauka ka taka da ƙafarka, kada dillali ya raka ka. Zauna a teburin mai shayi da sassafe ka ga masu wucewa: ma'aikatan asibiti ne da 'yan jinya, ko manoma da fartanya a kafaɗa? Waɗannan kasuwa biyu ce daban. A bakin kwalta ana sayen ruwan roba, madara, sabulu da katin waya, a biya nan take. Da ka shiga ciki kaɗan, inda gidaje ke haɗe da gonakin masara, ciniki ya koma na ƙulli-ƙulli: sukari na ɗari, man gyaɗa a leda, magi ƙwaya biyu, yarinya riƙe da kuɗin a tafin hannu. Can kuɗi da kaka yake zuwa. Da damina za ka sha jin "rubuta min, sai an yi girbi", kuma baƙon da bai san gidan kowa ba shi ya fi kowa shan wuyar karɓo bashi.

Leƙa shagunan da ke wurin ka duba kantarsu. Kayan da ƙura ta rufe, ba a sayensu. Tambayi ɗan acaɓa nawa yake kai buhun shinkafa daga titi, domin wannan kuɗin daga ribarka zai fita. Ka kuma koma a watan Agusta bayan an tafka ruwa. Na ga hanyoyin da da rani kamar tabarma, da damina ko keke ba ya shiga.

Ni dai da ni ne, haya zan kama ta shekara guda kusa da titi, in zuba kaya na kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, in bar shagon Sabon Gari a buɗe yana ciyar da gida.

In kuma filin ya shiga ranka, ka sani fulotin wajen nan yana iya zama gonar gado ce aka yanka. Je wurin mai unguwa, ka tabbatar duk magada sun yarda kuma sun sa hannu, ba mutum ɗaya ba. Tambaya ko burtali ne ko hanyar ruwa. Sannan ka kai bayanan filin ofishin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a bincika maka kafin ka ba da ko kafin alƙalami.